Tambaya: manhajar waya za ta iya nuna ciwon taɓin hankali zai motsa tun kafin ya motsa?

Nas_Rabi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da masu harkar manhaja da ke wannan zaure. A ƙaramin asibiti mai duba masu taɓin hankali rana ɗaya a mako, mai sikizofireniya (ciwon da kan sa jin muryoyin da babu su da zargin ana nufin mutum da sharri) sai bayan wata ɗaya ko uku ake sake ganinsa. A tsakani ba wanda ya san halin da yake ciki, sai ranar da dangi suka kawo shi a rirriƙe, ya kwana biyar bai runtsa ba. An kawo shawarar a sa wa masu babbar waya manhajar da za ta riƙa bibiyar alamomin ciwon. Shin an taɓa gwada wannan a wani wuri, kuma me aka gani? Me manhajar ke aunawa? Za ta yi aiki a Tecno da itel? Abin da ya fi tsaya min a rai kuma, wanda dama ciwonsa zargin ana bibiyarsa ne, ba za mu ƙara masa ba?

Likita_Bello

Wa alaikumus salam, Malama Rabi. An gwada, kuma tushen abin ya girmi wayar salula. Tun 1980 masu bincike Herz da Melville a Amurka suka tambayi majinyata da danginsu, kusan kashi 70 na majinyatan da sama da kashi 90 na dangin suka ce sun ga canji kafin ciwon ya tashi. Canjin yakan fara da barci, sai janye jiki daga mutane, saurin fushi, kasa maida hankali, barin wanka. Muryoyi da zargi daga baya suke ƙarfi. Yawanci akwai tazarar 'yan kwanaki zuwa makonni kaɗan, ita manhaja ke son kamawa. Daga baya Birchwood a Ingila ya nuna kowa da jerin alamominsa, kuma sukan maimaita kansu a jikin mutum ɗaya.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai mai yi wa majinyaci tambaya ya amsa da hannunsa, akwai mai tattara bayani shiru daga GPS, na'urar gane motsi da lokutan kunna fuskar waya.

A nau'in farko, ClinTouch ta Jami'ar Manchesta ce aka fi sani. A 2012 mutum 44 suka gwada ta, tana ƙara sau shida a rana har mako ɗaya. Amsoshin sun yi daidai ƙwarai da hirar likita a kan jin muryoyi, ruɗaɗɗen tunani, fargaba da yanke ƙauna. Sun yi rauni a kan abubuwa irin su janyewa daga mutane, zafin rai da tarwatsewar tunani. Wannan darasi ne babba: abin da mutum ke ji a ransa zai iya faɗa, amma abin da sai na waje ke gani, waya ba za ta samo shi daga bakinsa ba. A 2020 an fitar da gwajin mutum 81 na mako 12. Yawancinsu sun ci gaba da amfani da ita har ƙarshe, sai dai sauƙin alamomi ya fito ne kawai a cibiyar masu sabon ciwo.

EMPOWER, wadda aka gwada a Sikotlan da Ostareliya kuma aka fitar da sakamakonta a 2022, ta bi mutum 73 shekara guda. Ciwo ya dawo wa kashi 24 na masu manhajar, da kashi 46 na waɗanda ba su da ita. Kada lambar ta ruɗe ku. Ƙaramin gwaji ne na ganin ko abin zai yiwu, kuma ba manhaja kaɗai aka ba su ba, akwai nas mai duba bayanan da ma'aikatan da su kansu sun taɓa yin ciwon suna kiran su.

Nau'i na biyu ya fi daɗin ji, amma bai nuna ba tukuna. A 2018 a Boston an bi mutum 17 da manhajar Beiwe, aka ga sauyin ɗabi'a ya ƙaru da kashi 71 a mako biyun da ke gaban tashin ciwo. Mutum 17 ke nan fa. Manhajar CrossCheck ta bi mutum kusan 60 a New York shekara guda, ta nuna alamar wani ba ita ce ta wani ba: wannan ya daina fita, wancan yawonsa ne ya ƙaru. Wani lissafin da aka yi da bayananta a 2020 ya kama kusan kashi 25 ne kawai na lokutan da ciwo ke dab da tashi, yana kuma yin ƙarar ƙarya a kusan kashi 12. Don a ga nauyin irin waɗannan lambobi, a ɗauka kuna da mutum 100, biyar ciwonsu zai tashi a wannan wata. Za a kama ɗaya, huɗu su wuce, sannan a tayar muku da hankali a kan mutum 11 da lafiyarsu lau.

Gwajin da nake so ki fi riƙewa shi ne ITAREPS na Jamhuriyar Cek, wanda ko manhaja babu, saƙon tes ne. Kowane mako majinyaci da wani danginsa suna amsa tambayoyi 10, in maki ya haura kwamfuta ta aika wa likita gargaɗi, tsarin kuma ya ce a ƙara magani da kashi 20 na ɗan lokaci. Da aka yi gwajin shekara guda, aka fitar a 2012, ba a ga bambanci a kwanciya asibiti ba, saboda a fiye da rabin gargaɗin likitocin ba su yi abin da tsarin ya ce ba. Da aka kai shi Japan, nas-nas suka riƙa kiran waya suna yin tambayoyin, suna zuwa gida in gargaɗi ya fito, sai kwanciya ta ragu. Don haka kafin ku zaɓi manhaja, ku fara amsa wannan: in ta yi ƙara ranar Juma'a da yamma, wa zai gani, kuma me zai yi?

Injiniya_Sadiƙu

Malama, Likita ya gama da ɓangaren bincike, bari in yi na waya. Shawarata a taƙaice, ku bar tattara bayani na shiru a yanzu.

Matsalar farko ita ce wayar kanta ke kashe manhajar. Tun Android 6 na 2015 akwai tsarin da ke sa manhajoji barci in an ajiye waya, Tecno, Infinix da itel kuma suna ƙara nasu tsaurin don batir ya daɗe. Manhajar da ke aiki a bayan fage sai ta yi kwana biyu lafiya, a na uku ta mutu ba sanarwa. In za ku sa ta, dole a yi waɗannan a kowace waya da hannu: a cire ta daga cikin waɗanda ake tattalin batir a kansu, a ba ta izinin tashi da kanta in an kunna waya (a Tecno da Infinix yawanci a cikin Phone Master yake), a kulle ta a jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan, a kuma gaya wa mai wayar cewa maɓallin share-share da yanayin tsananin tattalin batir suna kashe ta. Daga Android 10 izinin GPS na kowane lokaci daban yake, sai an ba shi da gangan. Daga Android 11 wayar na janye izini daga manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba. A Android 13 ko sanarwa sai an yarda mata. Ƙananan itel masu Android Go da ƙwaƙwalwar giga 1 ko 2 su suka fi saurin jefar da ita.

Ta biyu ta fi wuya, domin ba saiti ke gyara ta ba. Lissafin yana ɗauka waya ɗaya mutum ɗaya, kullum a aljihunsa. In babu wuta aka kai ta wurin mai caji, GPS zai ce majinyaci ya kwana a bakin kasuwa. In ƙaninsa ya ɗauka yana kallon TikTok ƙarfe biyun dare, za a rubuta bai yi barci ba. In ya bar ta a ɗaki ya tafi gona, za a ce ya kulle kansa. Lissafin kira da tes kuma kusan ya mutu: tun 2019 Google Play ta hana yawancin manhajoji karanta su, iPhone dama ba ta bayarwa, kuma hirar mutanenmu ta koma saƙon murya na WhatsApp wanda ba ya shiga wannan lissafi. GPS na shan batir, shi ya sa a binciken Beiwe akan kunna shi minti ɗaya a kashe minti goma. Wanda ke biyan kuɗin caji kullum, da ya ga batir na zuba zai goge ta.

Na tambayoyi kuwa mai sauƙi ne, bayanan rana ɗaya ba su kai hoto guda nauyi ba. Ku nemi abu uku: ta yi aiki ba data ta ajiye amsa har a samu sabis, tunatarwar ta fito daga cikin wayar maimakon ta intanet, kuma kowace tambaya ta zo da murya da Hausa don wanda ba ya karatun boko. KoboCollect ko ODK Collect suna ɗaukar fom da Hausa da murya, suna aiki ba sabis, sai dai tunatarwa za ku haɗa da agogon wayar. Manhajar mindLAMP buɗaɗɗiya ce ga kowa, an gwada ta a Boston da Bangalor da Bhopal na Indiya, amma tana buƙatar wanda zai riƙe sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, ya kula da ita. Masu ƙaramar waya, tes ko kiran nas ya wadatar.

Batun sirri: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri. A yi amfani da lamba a madadin suna, takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna a kulle a asibiti. Sanarwar da ke fitowa a fuskar waya kada ta ambaci magani ko muryoyi, "lokacin tambayoyi ya yi" ya isa. Kada a buɗe wa majinyata rukunin WhatsApp, kowa zai ga lambar kowa. In kamfani ne ya kawo manhajar, a rubuta a yarjejeniya inda bayanan suke da yadda za ku kwashe su in ya rufe. Mindstrong ta Amurka ta tara kuɗi masu yawa a kan wannan harka, a 2023 ta daina duba marasa lafiya.

Nas_Rabi

Na gode Likita, na gode Injiniya. Ke nan tambayoyi za mu bi. To guda nawa, sau nawa, kuma a wane maki ne za a ce a kira mutum?

Hajiya_Matiron

Rabi ƙanwata, kada a fara da waya. A fara da zama na kamar minti 45 da majinyaci da mai jinyarsa, a lokacin da yake cikin sauƙi. A ɗauki tashin ciwon da ya gabata a bi shi baya-baya: ranar da aka kawo shi, mako ɗaya kafin nan me aka gani, mako biyu fa, wata ɗaya fa. A rubuta da kalmominsu. Za ki ji abubuwa irin su "ya daina zuwa majalisa", "yana kashe rediyo in an fara labarai", "ta daina cin abincin da ba ita ta dafa ba". Uku ko huɗu daga ciki su ne tambayoyinsa na kansa, kuma sun fi duk wata tambayar da aka kwafo amfani.

Sai a haɗa da na kowa: awa nawa ka yi barci, ka sha magani jiya, muryoyi sun dame ka, ka ji ana nufinka da sharri, ka zauna da mutane, jikinka na hana ka zama wuri ɗaya, tunanin cutar da kanka ya zo maka. Duka kada su wuce 10, a gama cikin minti biyu. Ma'auni mataki huɗu ya isa: babu, kaɗan, da yawa, sosai. Sau shida a rana na bincike ne, ba wanda zai jure shi wata shida. Sau ɗaya a rana a watan farko, daga nan sau uku a mako kamar yadda CrossCheck ta yi. Lokaci kuma bayan azahar ko la'asar. Da safe mai shan kulofiromazin ko olanzafin yana cikin nauyin magani, da dare kuma ba a son a tuna masa muryoyi yana shirin kwanciya.

Mako huɗun farko ba a yanke hukunci da su, na sanin yadda mutum yake ne, haka EMPOWER ma ta yi. Wani kullum yana jin muryoyi "da yawa" kuma yana sana'arsa, wani in ya ce "kaɗan" to an shiga haɗari. Ana gwada mutum da kansa ne. Da azumi kuma a sake awon, don sahur da sallar dare suna juya barcin kowa, lokacin shan magani ma yana canjawa.

Ga inda za ku iya farawa, a raba gargaɗi launi biyu, likitanku ya gyara wa kowa nasa. Ruwan ɗorawa, wato a kira cikin awa 24: barci ya ragu da awa biyu ko fiye dare uku a jere, ko alamomi biyu sun hau mataki ɗaya sun tsaya kwana uku, ko an tsallake magani kwana biyu, ko ranar allurar wata-wata ta wuce bai zo ba, ko ya yi shiru sau uku a jere. Shirun nan a ɗauke shi da muhimmanci. Sau da yawa caji ne ko data, amma shi ne kuma abin da mai fara zargi ke fara yi. Ja, wato yau-yau: murya na ba shi umarnin ya cuci kansa ko wani, tunanin kashe kai, ƙin ci da sha don tsoron guba, ko zazzaɓi da sandarewar jiki ga mai shan waɗannan magunguna. Ja ba ya jiran a duba kwamfuta gobe. Da ya danna amsar, wayar ta nuna masa lambar da zai kira da cewa a taho asibiti.

In an kira, kada a buɗe da "manhaja ta ce ciwonka ya tashi". A gaisa, a ce an ga barci ya ragu, lafiya? Sai a bi su ɗaya-ɗaya: maganin ya ƙare ne ko kuɗi ne babu, an koma wiwi ko tiramadol ko kodin, akwai zazzaɓi, an yi rasuwa ko rigima a gida. Ki fi kula da magani, domin wani bincike na 1999 a New York ya nuna kusan kashi 82 na masu ciwon farko ya dawo musu cikin shekara biyar, barin magani kuma ya ninka haɗarin kusan sau biyar.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ƙara magani saboda lamba ta hau. Halofaridol da allurar fulufenazin suna kawo wata rashin natsuwar ƙafafu, mutum ya kasa zama, ya yi ta kai-komo, barci ya gagara. A fom sai ta yi kama da tashin ciwo sak. In an ƙara magani sai ta ƙaru, shi kuma ya tsani maganin ya bari. Sai an gan shi ido da ido ake bambancewa, kuma likita ne ke taɓa yawan magani.

Mai jinya ya samu nasa fom, sau ɗaya a mako, a kan abin da ido ke gani: wanka, fita, magana shi kaɗai, fushi. A zaɓi mai haƙuri a gidan, kuma majinyaci ya yarda da shi. An daɗe da sanin cewa yawan suka da tsangwama a gida na dawo da ciwo, fom kuma na iya zama sabon makamin faɗa in ya faɗa hannun da bai dace ba.

Malam_Nafi'u

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, zan ɗauki tambayar Malama kan ko manhajar za ta ƙara wa mai zargi zarginsa. Yawancin waɗanda suka shiga gwaje-gwajen nan zarginsu bai ƙaru ba, amma a tuna su ne suka yarda suka shiga, mai tsananin zargi tun a ƙofa yake juyawa. Ko a EMPOWER an rubuta cewa manhajar ta tayar wa wasu hankali. Wani tambayar kullum ce ke sa shi tsoron ciwon zai dawo, wani kuma sai ta shiga cikin ruɗinsa.

Saboda haka ba a sa ta lokacin da ciwo ke kan ganiyarsa, ba a kuma taɓa sa ta a ɓoye ko da dangi sun roƙa. Ranar da ya gano, kun tabbatar masa da abin da yake zargi, kuma da wuya ya sake yarda da asibitin. A nuna masa fuskar kwamfutar da nas ke gani, ya ga babu hoto, babu murya, babu inda yake. A ba shi damar dakatarwa ba tare da an hana shi magani ko an canja masa fuska ba.

Akwai kuma wanda zai gane cewa faɗin gaskiya na iya kai shi gado, sai ya riƙa danna "babu" daga sama har ƙasa cikin daƙiƙa biyar. Amsa iri ɗaya mako uku ba motsi abin dubawa ce. Maganinta a rubuta tun farko, tare da shi, abin da zai biyo bayan kowane launi: ruwan ɗorawa kira ne da matso da ranar ganin likita, ba kwanciya ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin sirri da sa baki a jinyarsa, wannan tsari kuma yana ƙarƙashinta.

Inda na ɗan saɓa da Hajiya shi ne tsarin kira ya tsaya a kan mai jinya kaɗai. Gidaje da yawa in alamu sun fara, wurin malam ko mai ruƙiyya ake fara zuwa. Gwajin COSIMPO da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka fitar a 2020, ya nuna majinyata sun fi samun sauƙi in masu maganin gargajiya da na addini suna aiki tare da ma'aikatan lafiya. In majinyaci ya yarda, a tambaye shi wa ake fara kai shi wurinsa, a sa shi cikin tsarin.

Likita_Bello

Na yarda da Malam Nafi'u. Malama Rabi, ku fara da mutum 15 zuwa 20 na wata uku, ku haɗa da masu ƙaramar waya ta hanyar kira. Ku sa sunan nas ɗaya da mataimakinsa, da lokacin dubawa kullum, da kuɗin katin waya a rubuce, da gurbi biyu a ranar asibiti don waɗanda aka matso da su. Ku riƙa ƙirga kashi nawa na tambayoyin aka amsa (gwaje-gwajen Ingila suna ɗaukar kashi ɗaya cikin uku a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa), gargaɗi nawa ke fitowa a mako, awa nawa ake yi kafin a kira, da nawa ne suka zama na caji ko data. In gargaɗin ya fi ƙarfin nas, ku ɗaga ma'aunin ruwan ɗorawa ko ku rage mutane, ja kuma ba a taɓa shi. In kira yana wuce awa 48 a kai a kai, ku dakatar da ɗaukar sababbi har a samu ƙarin hannu.